Ba kowace ƙaba ce ake gani da ido ba

Da an ce ƙaba, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne kumburi a matsematsin namiji, wai saboda ɗaukar kaya masu nauyi. Shi ya sa idan likita ya ce jariri na da ƙaba, iyaye kan dudduba jikinsa su ce ba su ga komai ba.

Akwai wadda sama take haurawa. Tsakanin ƙirji da ciki akwai faffaɗan tantanin nama da muke jan numfashi da shi, wanda ke gama haɗewa tun cikin watanni ukun farko na juna biyu. Idan ya bar kafa, sai hanji, wani lokaci har da tumbi ko hanta, su kutsa ƙirji su danne huhu tun bai gama girma ba. Yawanci kafar ta baya ce a ɓangaren hagu, wadda wani likita mai suna Vincent Bochdalek na birnin Prague a Turai ya bayyana a 1848. Ana samunta a kusan jariri 1 cikin 3,000, mace ko namiji.

Irin wannan jariri cikinsa a lafe yake, yana numfashi da ƙyar, leɓunansa na yin shuɗi. Ba sanyi ne ya kama shi ba, kuma don Allah kada a ɗora wa uwarsa laifi. Jiƙo ba ya rufe kafar. Asibiti za a garzaya, a fara daidaita numfashinsa, sannan a yi tiyata. Hoton ciki lokacin awo kan gano ta tun kafin haihuwa.

Manya ma tana samunsu: ƙaramar kafa kan ɓuya shekaru, ko tantanin ya yage a hatsarin mota.