Mene ne "nauyin jan ragamar aji"?

Nauyin jan ragamar aji shi ne wahalar tunani da ke hawa kan malami a daidai lokacin da ɗalibai suke aiki rukuni-rukuni da kwamfuta ko waya, shi kuma yana ƙoƙarin sanin halin da kowane rukuni yake ciki. Masana ilimi sun aro hoton ne daga shugaban makaɗa, wanda dole kunnensa ya kasance kan kowane kayan kiɗa a lokaci guda, kuma Farfesa Pierre Dillenbourg na jami'ar EPFL da ke Lausanne a Suwizalan yana cikin waɗanda suka fi yaɗa wannan fahimta. Tana da dangantaka da nazarin John Sweller na 1988 kan iyakar abin da ƙwaƙwalwa take iya riƙewa a lokaci ɗaya, sai dai shi Sweller ɗalibi ya duba, su kuwa suka juya ga malami.

Shirya darasi da dare da duba takardun jarrabawa ba sa cikin wannan lissafi. A ɗauki darasi na minti 40 da rukuni 8: wasu sun manta kalmar sirri, wasu intanet ya yanke musu, wasu sun gama tuni sun shiga hira, a can kusurwa kuma yaro ɗaya ya kankane na'urar, sauran sun zuba masa ido. Malami yana sunkuye kan rukuni ɗaya, hankalinsa yana kan bakwai da kuma agogo, ga shi bayan allunan kwamfutocin kawai yake gani, ba abin da ke kansu ba.

A ganina, kuskuren masu ƙera manhajojin karatu shi ne auna ribar ɗalibi kaɗai, sannan su ƙara wa malami wani allo cike da alƙaluma da sunan taimako, alhali shi ma sai an tsaya an karanta shi. A EPFL ɗin, Hamed Alavi da abokan aikinsa sun gwada wata ƙaramar fitila mai suna Lantern, wadda ake ajiyewa gaban kowane rukuni. Launinta yana nuna aikin da suke kai, idan kuma suka nemi taimako sai ta riƙa walƙiya, walƙiyar tana ƙara sauri gwargwadon daɗewar jiransu. Da ɗaga kai sau ɗaya malami zai gane wanda ya kamata ya fara zuwa wurinsa.