Jel ɗin man tsirrai mai yaƙar bakteriya

Jel ɗin man tsirrai maganin shafawa ne mai kauri da santsi, wanda ake sa masa man da aka tatso daga tsiro don yaƙar bakteriyar fata, irin masu kawo maruru da ruɓewar miki. Ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, don haka ba ya maiƙo kamar man kaɗanya. Daga cikin irin man da ake sawa akwai man darbejiya da na kanumfari da na habbatus sauda. Na darbejiya matse ƙwallon ake yi, na kanumfari kuwa da tururi ake fitar da shi, kuma sinadarin yujinol ne ƙarfinsa.

Don haɗa giram 100, ana barbaɗa giram 1 na garin Carbopol 940, sinadarin da ke sa ruwa ya yi kauri, a kan tataccen ruwa kaɗan-kaɗan, a bar shi ya kwana ya jiƙu. In aka zuba shi gaba ɗaya, gudaji yake yi. A wani mazubi a gauraya man, giram 1 zuwa 5, da Tween 80 don ya yarda ya haɗu da ruwa. Sai a haɗe su, a riƙa ɗiga tirayetanolamin, sinadarin da ke rage tsami, har pH (ma'aunin tsami) ya kai 6 zuwa 7, inda jel ke yin kauri. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba ya yi, gishirin da ke cikinsa yana tsinka Carbopol. Man kanumfari in ya yi yawa yana ƙona fata.

Gwajin da aka saba yi don auna ƙarfin jel ɗin shi ne na rami. Ana shimfiɗa bakteriya mai yawan ma'aunin McFarland 0.5 (ma'aunin yawan bakteriya a ruwa) a kan faifan agar na Mueller-Hinton, wato daskararren abincin da ake renon bakteriya a kai, a huda ramuka masu faɗin milimita 6, a cika su da jel, a ajiye a zafin digiri 37 na Selshiyos na awa 18 zuwa 24. Daga nan a auna da'irar da bakteriya ta kasa tsirowa. Bakteriyar Staphylococcus aureus ta fi saurin jin mai. Escherichia coli da Pseudomonas aeruginosa suna da ƙarin fata ta waje da ke tare shi.

Wurin fassara sakamako ne aka fi yin kuskure. Mai ba ya ratsa agar sosai, saboda agar kusan duk ruwa ne, sai mai mai ƙarfi ya ba da ƙaramar da'ira a raina shi. Haka kuma sinadarin hana lalacewa, irin su metilfaraben, shi ma yana danne bakteriya. Dole ne kowane faifai ya samu ramin jel marar mai, da na sanannen magani kamar jentamaisin, in ba haka ba ba a san wanda ya yi aikin ba.

Zafin Maris da Afrilu yana raba mai da ruwa, yana kuma busar da mai mai ƙamshi. Shi ya sa ake ajiye samfur a kwalba mai duhu, a sake auna pH da kauri da faɗin da'ira kowane wata. Nasara a faifai ba hujja ba ce ta warkar da mutum, kuma sayar da jel ɗin sai da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya.