Kabo Air

Kabo Air kamfanin jiragen sama ne mai zaman kansa da ya yi aiki daga hedikwatarsa a Kano, amma yanzu ya daina zirga-zirga. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa shi a 1980, ya fara aiki a 1981. Sunan ya samo asali daga garin Kabo, mahaifar mai kamfanin.

A wancan zamani Nigeria Airways, kamfanin gwamnatin tarayya, shi ke riƙe da kusan duk zirga-zirgar cikin gida, don haka Kabo ya faro da shata. Da aka sassauta dokar, sai ya buɗe hanyoyi tsakanin Kano, Legas da biranen Arewa, har da Sakkwato. Ya yi aiki da jirage ƙirar Caravelle, BAC 1-11 da Boeing 727. Ga ɗan kasuwar Sakkwato mai harka a Legas wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin tafiyar da kan ci yini da dare a mota ta koma ta 'yan sa'o'i. Kabo na cikin kamfanonin farko da suka nuna cewa ɗan ƙasa zai iya riƙe wannan sana'a da kuɗinsa.

A 2001 kamfanin ya daina jigilar cikin gida, ya mayar da hankali kan shata zuwa ƙasashen waje da jigilar alhazai da manyan jirage ƙirar Boeing 747. Ta nan yawancin Sakkwatawa suka fi saninsa. A wancan zamani, lokacin Hajji, maniyyata daga Sakkwato da Zamfara kan taru a sansanin alhazai sanye da yadi iri ɗaya, kowa da jakarsa, 'yan rakiya sun cika waje, ana jiran a kira sahu zuwa filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato. Ga da yawansu, jirgin Kabo ne jirgin farko da suka taɓa hawa.

A wannan filin ne, ranar 4 ga Oktoba 2013, wani 747 na kamfanin da ya taso daga Kano da mutum fiye da 500 ya bugi na'urar taimaka wa sauka, tayoyinsa suka fashe. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Ɗankabo ya rasu a 2002. Daga baya jiragen suka tsufa, harkokin kamfanin suka ja baya, kamfanoni irin su Max Air suka karɓe mafi yawan jigilar alhazan Arewa.