Daga rasit ɗin haraji zuwa kason wata-wata

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, maganar ba ta kwanta ba a Kaduna. A teburin mai shayi a Tudun Wada, ko a shirin rediyo na kiran waya, kalmomin da ake ta juyawa su ne "asusun haɗin gwiwa", "kason wata-wata" da "cin gashin kai". Mai saurare zai ɗauka jiya abin ya faro, alhali ya girmi yawancin masu gardamar.

Farkon labarin sananne ne. Turawa sun tarar da kuɗin ƙasa da jangali, suka mayar da su haraji mai rajista, wajen 1911 kuma aka fara kafa baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Ma'aji ke riƙe da littafi, wani kaso ya tafi wa gwamnati, saura a biya albashi, a gina asibiti da makaranta. A 1976 aka yi garambawul, En'e ta kau, ƙaramar hukuma ta zama mataki na uku na gwamnati mai kaso daga asusun tarayya. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 162, ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda a kansa aka je kotu.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne 1979, shekarar da aka soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina tana cikinta. Ni ina cikin masu ganin an yi daidai. Haraji ya gasa wa talaka aya a hannu. Da kaka ake karɓa, kan kowane namiji baligi, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Mutum kan sayar da hatsin da zai ci da iyalinsa, ko akuyar matarsa, don ya tsira da mutuncinsa. Wasu kan bar gari su tafi cirani har sai ƙura ta lafa. Tun zamanin jam'iyyar NEPU Malam Aminu Kano da mabiyansa ke yaƙi da wannan ƙangi, don haka ranar da aka soke shi murna aka yi ta gaskiya.

Amma akwai abin da ya tafi tare da harajin ba a lura ba. A gidanmu akwai wani gwangwani da kakana ke ajiye takardun gona, a cikinsa har yau akwai rasit ɗin haraji, sun yi ja, an linke su gida huɗu. Mahaifina ya ce tsohon ba ya tafiya ko ƙauyen kusa sai da rasit a aljihu, kuma in ya ga kwalbati ta karye a hanyar kasuwa, "kuɗinmu" yake cewa. Ya san nawa ya biya, ya san hannun da ya karɓa. Mu da muka taso bayan man fetur ya zama uwa ma ba da mama, "kuɗin gwamnati" muke cewa. Cikin shekara uku kacal, daga 1976 zuwa 1979, tushen kuɗin ƙaramar hukuma ya tashi daga aljihun mai gona ya koma asusun tarayya, mu kuma muka sauke nauyin biya tare da al'adar tambaya.

Daga nan kalmomin kasafi suka zama yaren ofis. A yau ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, har da 23 na Jihar Kaduna, suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya. Wannan shi ne kason wata-wata. Abin da hukuma ta tara da kanta, na rumfar kasuwa da tasha da mayanka, shi ake kira kuɗin shiga na cikin gida, kuma a mafi yawan wurare bai taka kara ya karya ba. Kashewa ma gida biyu ce. Akwai ayyukan yau da kullum, wato albashi, fansho da hidimar ofis, inda albashin malaman firamare ke ɗaukar kaso mai tsoka. Abin da ya rage shi ke zuwa manyan ayyuka, irin su rijiyar burtsatse, magudanar ruwa da rufin aji. In kashewa ta zarce abin da ya shigo, an samu giɓi ke nan, sai bashi ko a ɗage aiki zuwa baɗi.

Hukuncin kotu ya taɓa hanyar da kuɗin ke bi ne daga Abuja. Bai taɓa wancan giɓin na 1979 ba, wato ɓacewar al'adar tambaya, kuma ba na fatan a cike shi da dawo da haraji. Kwanan baya na tambayi wata mai sayar da kayan miya a Kawo ko tana ajiye rasit ɗin da ake yankar mata kullum. Ta ce, "Ɗana, me zan yi da shi?" Ta nuna min inda take zubar da su, ƙarƙashin tiren tumatir.