Maɓoyar ɗaukar hoton tsuntsaye: saye za a yi ko haɗawa?

Tunda akwai kyamara mai janyo nesa, me ya kawo ɓuya?

Ko gilashi mai milimita 500, wato mai janyo nesa sosai, ne a bakin kyamararka, ƙaramin tsuntsu ba zai cika hoto ba sai tazararku ta dawo kamar mita 5 ko 6. Shi kuwa tsuntsu da ido yake rayuwa. Yawancinsu idanunsu a gefen kai suke, suna ganin gaba da gefe lokaci guda, kuma abu biyu ne ke tayar da su: siffar mutum a tsaye, da motsi. Ka ɗaga hannu ka gyara kyamara, shi ke nan ya tashi. Aikin maɓoya shi ne ta shanye waɗannan biyun, ka samu damar juyawa da sosa wuya ba tare da an gani daga waje ba.

Dole sai ta yi kama da daji?

A'a, kuma a nan ne mutane suka fi ɓarnar kuɗi. Wajen shekarar 1900, wasu 'yan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, sun sa an yi musu bijimi na bogi: fatar bijimi a kan katako, cikinsa rami, mutum ya shiga ya leƙo da kyamara ta wata kafa a ƙirjin. Sun kuma gwada kututturen itace na bogi. Masu ɗaukar hoto da suka biyo baya sun gano cewa ɗakin yadi mai kusurwa huɗu ma ya wadatar, muddin ba ya motsi. Yadi mai zanen kakin soja yana da amfani, amma ya fi ɓoye ka daga idon mutane masu wucewa. Kore mai duhu, ruwan ƙasa ko ruwan toka duk sun yi. Abin gudu shi ne yadi mai sheƙi, da mai ƙara kamar leda, da wanda iska ke kaɗawa. Ni a ganina, gara tsohon bargo da aka ɗaure tam da sabon tanti mai tsada da ke fiffika.

Wace iri zan saya?

Ya danganta da zamanka. Tanti mai buɗe kansa yana da fili, ya dace da wanda zai wuni wuri guda, sai dai iska na ɗaukarsa idan ba a kafa turaku ba. Akwai wanda aka haɗa da kujera, ka zauna ka jawo rufin ya lulluɓe ka. Akwai kuma na lulluɓi kawai, babu ƙarfe babu sanda, ka yafa wa kanka da kyamara. Ya fi sauƙin ɗauka, amma duk motsinka yana bayyana a jikinsa. Mota ma maɓoya ce mai kyau inda tsuntsaye suka saba da ita: ka kashe inji, ka rataya raga a taga.

Kafin ka biya, shiga ciki da kyamarar a kan ƙafarta mai uku, ka zauna. Duba ko tagar ta yi daidai da idonka, ko akwai wata ƙasa-ƙasa don tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa ko bakin ruwa. Ja zif ɗin ka saurari ƙararsa.

Idan ni zan haɗa fa?

Sanduna huɗu ko bututun roba na ruwa, tsayi kamar mita ɗaya da rabi, faɗi mita ɗaya kowane gefe. Ka ɗinka yadi mai kauri ya sauka har ƙasa, da aljihu a gindinsa da za ka zuba duwatsu ko yashi. A gaba ka yanka kafa, ka ɗinka mata hannu kamar na riga wanda zai rungumi gilashin, sama da ita kuma ƙaramar taga mai baƙar raga ta leƙe. Gwaji ɗaya kada ka tsallake shi: sa wani ya shiga, kai ka tsaya waje rana tana bayansa. In ka hango inuwarsa yana motsi, yadin ya yi shara-shara, sai ka ƙara baƙin shafi a ciki. Ka bar kafar iska ta sama, domin zafin ciki ba wasa ba ne, kuma ka shiga da ruwan sha.

Na kafa, amma tsuntsu ya ƙi zuwa. Ina matsalar?

Galibi gaggawa ce. Sabon abu a wurin da tsuntsu ya sani sai ya ɗauki lokaci kafin ya yarda da shi. Ka kafa ta nesa, ka bar ta kwana biyu ko uku, sannan ka riƙa matso da ita kaɗan-kaɗan. Ka shiga tun kafin gari ya waye, rana ta kasance a bayanka. Akwai tsohuwar dabara: ku je ku biyu, kai ka shiga, abokinka ya juya ya tafi a fili, tsuntsu ya ɗauka hatsarin ya wuce. Hankaka da danginsa ba kasafai suke ruɗuwa da wannan ba. Idan tsuntsu ya sauka, kada ka wawuri kyamara. Bar shi ya natsu ya fara ci, sannan ka juya gilashin a hankali.

Zan iya kafawa kusa da sheƙa?

Shawarata ga mai farawa ita ce kada ya yi. Uwar da ta tsorata ta bar ƙwai ko 'ya'ya, rana ko sanyi na iya kashe su kafin ta dawo, kuma hanyar da ka taka da ganyen da ka kawar suna nuna wa maciji da sauran masu farauta wurin. Wasu ƙasashe sun sa doka: a Birtaniya, dokar kare namun daji ta 1981 ta hana damun wasu nau'o'in tsuntsaye a sheƙarsu sai da lasisi. Kai ma ba ka tsira ba. A 1937 mujiya ta kai wa Eric Hosking, fitaccen mai ɗaukar hoton tsuntsaye, hari a wajen maɓoyarsa a Wales, ya rasa idon hagu. Mashaya, ko itace mai 'ya'ya, ko reshen da tsuntsu ya saba sauka a kai za su ba ka hoto mai kyau. Idan ka ga tsuntsu yana kewaye da abinci a baki yana kuka ya ƙi sauka, tattara kayanka ka ja baya nan take.