Me dokar yaƙi ta ce kan jefa bam daga sama a inda fararen hula suke?

Ba kowane harin jirgin sama da ya kashe farar hula ba ne laifin yaƙi, ko da yake maganar ba ta da daɗin ji. Abin da doka ke dubawa shi ne me kwamanda ya sani, ko ya kamata ya sani, kafin ya ba da umarni.

Ƙa'idojin suna cikin Ƙarin Yarjejeniya ta Ɗaya ta 1977, wadda aka ɗora kan yarjejeniyoyin Janiba na 1949. Sashe na 52 ya ce wurin da za a kai wa hari sai ya zama yana taimaka wa aikin soja, kuma rusa shi zai kawo tabbatacciyar riba ta soja. In ana kokwanto kan gida, makaranta ko wurin ibada, a ɗauke shi na farar hula. Sashe na 51 ya hana a haɗa wuraren soja da ke warwatse cikin gari a yi musu kuɗin goro, irin ruwan wutar da aka yi wa Tokiyo a watan Maris na 1945.

Inda gizo ke saƙa shi ne ma'aunin daidaito. Hari haramun ne idan asarar fararen hula da ake hasashe ta wuce kima in an kwatanta da ribar sojan da ake sa rai. Amma dokar ba ta faɗi adadi ba. Rai nawa ne daidai da rumbun makamai guda? Hukuncin yana hannun wanda ke son kai harin, kuma a ganina nan ne babban rauninta.

Sashe na 57 ya fi shiga aiki kai tsaye. A tantance wurin, a zaɓi bam mafi ƙarancin ɓarna, a yi gargaɗi in hali ya ba da dama. Idan mai sarrafa jirgi marar matuƙi ya hango yara sun shigo farfajiyar a daidai lokacin harbi, har lissafin ya canza, wajibi ne a dakata. Wani lokaci tsohon bayanin leƙen asiri ke jawo kuskure, ko fashewa ta biyu daga makaman da ke jibge a wurin.

Yin garkuwa da jama'a ma haramun ne, sai dai laifin mai garkuwar bai sauke nauyin da ke kan mai hari ba.

Gurfanarwa kuwa da wuya. Dokar Rum ta 1998, wadda ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, tana buƙatar a tabbatar cewa mai harin ya san ɓarnar za ta wuce kima ƙarara. Amurka kuma har yau ba ta amince da yarjejeniyar 1977 a hukumance ba.