Mene Ne Firisizin, Kuma Me Ya Sa Ya Fi Wahalar da Kulob ɗin da Ya Ci Kofi?

Da zarar watan Yuli ya kama, kalma ɗaya ce ke yawo a gidan kallon ƙwallon unguwarmu a Tudun Wada: firisizin. Ran nan bayan sallar Isha ɗan yayata ya tare ni a teburin mai shayi, ransa a ɓace, ya ce, "Kawu, an lallasa mu a firisizin. Ke nan bana ba mu da rabo?" Na ce ya ja benci ya zauna tukuna.

Kalmar aro ce daga Turanci, tana nufin lokacin da ke gabanin kakar wasa. Masu labarin wasanni a rediyo kan ce shirye-shiryen tunkarar kaka, ko wasannin share fage. Ni kuwa sharar gona take tuna mini. Kafin ruwa ya sauka manomi ya sassabe, ya ƙone, ya kai taki, ya tanadi iri. Ba a auna hatsi a lokacin, amma abin da za a auna da kaka a nan ake ƙulla shi.

A Turai makonni biyar zuwa shida ne, daga farkon Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Ranar da 'yan wasa suka dawo hutu, likitoci ke fara karɓarsu: a auna nauyi, a duba bugun zuciya, a ga wanda ya tara teɓa. Daga nan sai gudu da atisaye, wani lokaci sau biyu a rana, har sai ƙafa ta tuna aikinta. Wanda ya taɓa fita Dandalin Murtala da sassafe a damina, ya ga samari suna zagaye fili riga sharkaf da gumi, ga koci da usur a baki, ya ga ƙaramin hoton abin. Sai jiki ya ɗauka sannan koci ya shiga koyar da salon da yake so, a jera wasannin sada zumunta. A irin waɗannan wasanni yana iya sauya mutum goma sha ɗaya bayan hutun rabin lokaci, ya saka yara 'yan shekara 17 don ya ga ƙwazonsu. Shi ya sa sakamakon ba ya faɗin gaskiya. A Agustan 2016 Ahmed Musa, yana sabon zuwa Leicester City daga CSKA Moscow, ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu a wasan share fage a birnin Stockholm. Mun yi ta murna a nan Kaduna, mun ɗauka zai tashi kan Firimiya. Da aka shiga kaka, benci ya fi gani.

Abin da ya fi damuna, wanda matasa ba su cika lura da shi ba, shi ne kulob ɗin da ya ɗaga kofi shi ya fi shan wuya a wannan lokaci. Nasara tallar 'yan wasa ce. Leicester ɗin nan ta lashe Firimiya a Mayun 2016 da maki 81, sau uku kacal aka doke ta. Kafin Yuli ya ƙare Chelsea ta ɗauke N'Golo Kanté, wanda shi ne ginshiƙin tsakiyarta, Everton kuma ta ɗauke Steve Walsh, mutumin da ke zaƙulo mata 'yan wasa. Ga tafiya mai nisa: sai da ta je Amurka ta kara da PSG, aka ɗura mata huɗu da nema, domin zakara ake gayyata irin wannan yawo, kuma kuɗin da ke ciki ba ya barin shugabanni su ce a'a. Kwanakin da ya kamata a yi a filin atisaye sai a ƙarar da su a jirgi da otal. Ranar buɗe gasa Hull City, wadda ta hauro daga ƙaramin rukuni, ta doke ta 2-1. A Fabrairun 2017 aka sallami koci Claudio Ranieri, wata tara bayan ya ba su kofin da ba su taɓa ci ba. Kanté kuwa ya sake ɗaga kofin a shekarar, da rigar Chelsea.

Haka aka yi wa Monaco bayan ta ci gasar Faransa a 2017: Mbappé, Bernardo Silva, Mendy da Bakayoko duk suka watse a bazara ɗaya. Waɗanda suka rage ma ba a huta da su ba. Ejan, wato wakilin ɗan wasa, zai zo ya ce yaronsa ya ci kofi, a ƙara albashi ko ya tafi. Taurarin kuma su ne ƙasashensu ke kira gasa, su dawo a makare da gajiya, tsoka ta tsage tun ba a je ko'ina ba.

Mu ma nan mun san daɗin nasara. Ranchers Bees ta Kaduna, inda Daniel Amokachi ya taso, ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙalubale a 1988. Kaduna United ta doke Enyimba ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2010, abin da ya ba ta gurbi a gasar Afirka ta 2011. Irin wannan gurbi yana zuwa da kayansa: ƙarin 'yan wasa, rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, kan lokaci, kuɗin jirgi. A gida Najeriya kuwa ciwon firisizin ya fi na Turai zafi. Kwantiragi gajere ne, don haka ɗan wasan da ya haskaka yana iya tattara takalmansa ya bi wanda ya fi tsoka. Sau da yawa ana bin kulob bashin albashi da alawus na kakar da ta wuce, ga shi ana kiran yara sansani. Kulob da dama na gwamnatin jiha ne, sai an saki kuɗi ake motsi. A maimakon gina ƙungiya, sai ka ga an tara matasa birjik ana tantancewa saura kwanaki kaɗan a fara gasa. Yana ƙona mini rai in ga yaran da suka wahala suka ciyo kofi suna jiran haƙƙinsu har sabuwar kaka ta riske su.

Na ce wa ɗan yayata ya bar ƙirga ƙwallayen sada zumunta, ya je ya duba wa aka sayar, wa aka kawo a gurbinsa, mutum nawa ke ɗakin jinya, kuma kocin bara yana nan ko ya tafi. Ya ciro waya ya duba, ya ɗago ya ce, "Kawu, masu tsaron bayanmu biyu ba su dawo sansani ba har yanzu."